Ikon Allah da Ranar Girbi: Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma

Wuraren karatu: Mahukunta 6:1-16, Matiyu 13:24-30 da 36-43, 1 Korantiyawa 15:20-28, Irmiya 32:6-15.

Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 15:58.

Ga shugaban ƙungiya: In lokaci bai isa ba, a raba darasin nan zama biyu. A sa mutum huɗu su karanta wuraren karatu da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba. A bar mata da samari su ma su yi magana.

1. Halin da mu ke ciki

'Yan'uwa manoma, akwai tambaya ɗaya da ta ke yawo a bakin mutanenmu daga Magami har Tsafe da Bunguɗu. Ga ta: in Allah ne mai iko duka, don me mai bindiga ne ya ke faɗin ranar da za mu yi shuka da ranar da za mu yi girbi? Waɗansu suna faɗinta a fili. Waɗansu kuwa suna haɗiye ta don kada a ce bangaskiyarsu ta yi sanyi. Kada kowa ya ji kunyar tambayar nan. Annabi Habakuk da ita ya fara littafinsa, Allah kuwa bai tsauta masa ba, amsa ya ba shi.

Mun san abin da ya jawo ta. A watan Yuni na 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara, ƙasar Tsafe. A watan Afrilu na 2014 aka kashe fiye da mutum 100 a 'Yar Galadima, ƙasar Maru. A watan Afrilu na 2021 aka faɗa wa ƙauyukan gundumar Magami, aka kashe mutane gommai. A watan Yuli na wannan shekara aka kashe 'yan sanda 13 a Kurar Mota, ƙasar Bunguɗu. A watan Satumba kuma gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta katse layukan waya, har mutum ya rasa yadda zai ji labarin ɗan'uwansa. A watan Afrilu na 2023 aka kwashe mutum wajen 80 a Wanzamai, yawancinsu mata da yara da suka je itace.

Ban da waɗannan akwai asarar da ba ta shiga jarida. An kore shanun huɗa, mai garma ya koma hauya. An sa wa ƙauyuka harajin noma kafin shuka, a sake sa wani kafin girbi. An ƙone rumbuna. Gonakin nesa sun zama saura. Hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau ta zama abin da a ke yi wa addu'a kafin a hau. Masifar nan ba ta zaɓi addini ko kabila ba. Ta ci Musulmi ta ci Kirista, ta ci manomi, ta kuma ci makiyayin da aka kore masa garke.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan hali. A Mahukunta sura 6, Madayanawa sun yi shekara 7 suna jira sai Isra'ilawa sun yi shuka, sa'an nan su zo da raƙuma su lalata amfanin gona, su kwashe tumaki da shanu da jakuna. Mutane suka koma zaman kogo da kan duwatsu. Gidiyon kansa a ɓoye ya ke sussukar alkama, a cikin wurin matse inabi, don kada a gan shi. Da mala'ika ya gaya masa Ubangiji yana tare da shi, tambayarmu ce ya mayar masa. Saboda haka darasin yau domin masu sussuka a ɓoye ne.

2. Allah ba shi da abokin kokawa

Akwai kuskure uku da tsoro ya kan jefa mu a ciki.

Na fari, a ɗauka Allah da Shaiɗan 'yan kokawa biyu ne masu ƙarfi ɗaya, yau wannan ya yi kaye, gobe wancan. Ba haka ba ne. Allah Mahalicci ne, Shaiɗan halitta ne. A Ayuba sura 1 da 2 mun ga bai iya taɓa ko akuya ɗaya ta Ayuba ba sai da aka ba shi izini, aka kuma ja masa iyakar da ba zai ƙetare ba. Mugunta tana da ƙarfi, tana da haƙori, amma a ɗaure ta ke da igiya, ƙarshen igiyar kuwa ba a hannunta ya ke ba.

Na biyu, a ce tun da Allah bai hana ba, to shi ne ya ke so. Wannan ma kuskure ne. Allah ba ya jin daɗin zub da jini. Jinin Habila ya yi kuka daga ƙasa, Allah ya ji. Wanda ya ɗauki bindiga da zaɓinsa ya ɗauka, zai kuwa ba da lissafi. Abin da Allah ya ke yi shi ne ya juya mugun nufin mutum ya fitar da alheri daga cikinsa, kamar yadda Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa da suka sayar da shi (Farawa 50:20). Juyawar ba ta wanke mai laifi ba.

Na uku, a ce ikon Allah ya yi nisa, bari mu haɗa da wani abu na kusa. Nan ne laya da guru da maganin bindiga su ke samun kasuwa. Kakanninmu da yawa sun bar tsafi da yanka wa iskoki sa'ad da suka karɓi bishara. Kada tsoro ya maida jikokinsu inda suka baro. Manzo Bulus ya koya wa Kolosiyawa cewa a kan gicciye Almasihu ya kwance wa ikokin duhu makamansu, ya kunyata su a fili (Kolosiyawa 2:15). Ba a zuwa neman mafaka wurin wanda aka riga aka ƙwace wa makami.

Mu kuma tuna, ƙasar nan ta ga masu ƙarfi da yawa. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka tattara nasu a 1960. A zamanin hare-haren neman bayi mutane sun fake a duwatsu irin na Kwatarkwashi da Tsafe, daga baya suka sauko suka yi noma a fili. Kowane mai ƙarfi a ranarsa ya kan zaci ba shi da magaji.

3. Don me Allah ya ke jinkiri?

Ubangiji Yesu ya ba da amsa da misalin gona. Wani mutum ya shuka iri mai kyau. Da dare maƙiyinsa ya zo ya watsa irin wata muguwar ciyawa a cikin alkamar. Ciyawar nan tana kama da alkama ƙwarai tun tana ƙarama, ba a gane ta sai ta fid da kai. Barori suka ce bari su je su tuge ta. Maigida ya hana, don kada garin tuge ciyawa su tumɓuke alkama. Ya ce a bari har kaka, sa'an nan a rarrabe.

Mu manoman gero mun san irin wannan. Shibra ta kan fito tare da gero, ganye ɗaya, kara ɗaya. Ba kowane ido ke raba su lokacin cira ba. Sai zangarniya ta fito, kowa ya ga wadda ta ke riƙe tsaba da wadda ta ke zubarwa a ƙasa.

Daga misalin nan mu riƙe abu uku.

Gonar ta maigida ce. Shigar maƙiyi da dare bai sa ta zama tasa ba. Yesu ya ce gonar ita ce duniya. Watau dajin da 'yan bindiga su ke kwana a ciki na Allah ne, gonarka da aka hana ka zuwa ita ma tasa ce.

Jinkirin maigida domin alkamarsa ne. Manzo Bitrus ya bayyana cewa haƙurin Ubangiji domin mutane su sami zarafin tuba ne (2 Bitrus 3:9). A gona shibra ba ta zama gero, amma a wurin Allah mutum yana sakewa. Shawulu da ya ke farautar masu bi gida gida shi ne ya zama Bulus. Cikin samarin da ke daji akwai waɗanda tun suna yara aka ja su. Ba mu san wanda Allah zai juyo da shi ba.

Rarrabewa ta ƙarshe ba aikin barori ba ne. Wannan magana tana da nauyi a ƙasarmu. Mun ga abin da ya faru sa'ad da mutane suka ɗauki hukunci a hannunsu, a kama mutum a kasuwa a kashe don harshensa ko kamanninsa, ba bincike ba alƙali. Aka tumɓuke alkama da yawa tare da ciyawa. Danginsu suka shiga daji neman fansa, wuta ta ƙara ci. Romawa sura 12 ta hana mu ramuwa, sura 13 kuwa ta ɗora hukunta mai laifi a wuyan hukuma. Saboda haka muna da hakkin mu kai ƙara, mu nemi tsaro, mu yi ta matsa wa shugabanni su yi aikinsu, gama su ma za su amsa a gaban Allah. Amma ba mu da hakkin la'antar wata kabila ɗungum.

4. Tumu ya riga ya fito

To, ina shaidar cewa kaka za ta zo? Mai wahala ba ya ƙoshi da alkawarin baki.

Ku tuna da tsakiyar damina. Rumbu ya yi ƙasa, tiya ta yi tsada, ga aiki ya yi yawa, ga ciki ba nauyi. Sai ran nan maigida ya dawo daga gona da zangarniya biyu ko uku, a gasa tumu, yara su murje su ci. Tumun nan ba ya cika rumbu. Washegari ma da sauran yunwa. Amma daga ranar kowa a gidan ya san yunwar bana ta kusa ƙarewa, gama abin da ya nuna a zangarniya ɗaya yana nan tafe a gona duka.

Haka Bulus ya kwatanta tashin Almasihu a 1 Korantiyawa 15. Ya kira shi nunan fari. Mugunta ta tara dukan ƙarfinta a kan Yesu: cin amana, shaidar zur, alƙalin da ya ji tsoron jama'a, sojoji, da gicciye. Babban makaminta mutuwa ne, ta kuwa yi amfani da shi. A rana ta uku kabari ya zama wofi. Makamin da mai bindiga ya ke tsorata mu da shi ke nan, an kuwa riga an karya shi a wurin mutum ɗaya, za a karya shi a wurin dukan waɗanda su ke nasa.

Nan ne bangaskiyar Kirista ta ke da abin faɗi ga mai makoki. Allahnmu bai tsaya daga nesa yana kallon wahala ba. Ya shigo cikinta, aka kama shi da dare, aka yi masa dūka, aka kashe shi ba laifi. Ya nuna ikonsa ta hanyar da duniya ta ke gani rauni ce. Don haka gwauruwar da ta binne mijinta ba ta yi wa baƙo kuka ba, wanda ya san zafin ne ta ke kira.

Yanzu muna zaune tsakanin tumu da kaka. An ci nasara, ba a gama tattara ta ba. Wahayin Yahaya 12:12 ya nuna fushin Shaiɗan yana ƙaruwa ne don ya san kwanakinsa kaɗan ne. Macijin da aka sare wa kai ya kan daɗe yana birgima.

5. Yadda ƙarshen zai zama

Littafi Mai Tsarki bai ba mu rana ko shekara ba. Duk wanda ya zo muku da lissafin ranar, kada ku ba shi ko kwabo. Amma an gaya mana abin da zai faru. Almasihu zai dawo. Za a ta da matattu. Za a yi shari'a wadda ba cin hanci a cikinta, ba wanda zai ɓuya a daji, ba mai ɗaurin gindi. Wanda ya harba, da wanda ya sayar masa da harsashi, da wanda ya nuna masa gida, da wanda ya ci kuɗin tsaro, kowa zai tsaya da ƙafarsa. Mu ma za mu tsaya. Za a kawar da Shaiɗan, a kawar da mutuwa kanta (Wahayin Yahaya 20 da 21).

Ku lura da irin hoton da annabawa suka zana. Ishaya 65 ya yi maganar mutanen da za su gina gida su zauna a ciki, su yi shuka su ci da kansu, wani ba zai ƙwace ba. Mika 4 ya yi maganar ranar da maƙera za su mai da makaman yaƙi kayan noma, kowa ya huta a inuwar itacensa ba fargaba. Begenmu sabuwar sama ce da sabuwar ƙasa. Allah bai raina gona ba, yana nufin ya 'yantar da ita.

6. Gonar Irmiya da aikin ƙungiya

Wani zai ce, tun da nasara ta Allah ce, sai mu naɗe hannu mu jira. Irmiya 32 ta ba shi amsa. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare. A wannan hali Allah ya ce masa ya sayi gonar ɗan baffansa Hanamel a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda gaban shaidu, ya ba Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa don ta daɗe. Ga ido wauta ce. Birnin ya faɗi, aka kwashe mutane. Amma Babila ma ta faɗi a 539, kuma cikin waɗanda suka komo gida Ezra 2:23 ya lissafta mutanen Anatot 128.

Wanda ya gaskata da kaka shi ne ya ke riƙe iri. Ga abubuwan da mu ke roƙon kowace ƙungiya ta duba:

(a) Iri. A ware irin baɗi tun a masussuka, kafin a taɓa na ci. A busar da shi sarai. Wake da masara a zuba su a buhun PICS mai ninki uku, a ɗaure kowane ninki dabam, ƙwari za su mutu ba sai an sa magani ba. Kada a tara irin ƙungiya duka a wuri ɗaya. A raba shi gida biyu ko uku, a kai wani kashi wurin amintattu a cikin gari.

(b) Rumbun taimako. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Mu ba mu kai nan ba, amma kowane ɗan ƙungiya ya iya kawo tiya biyu ko dami ɗaya da kaka. A rubuta a littafi, mutum uku su riƙe lissafi, a karanta wa kowa duk wata.

(c) Gayya. Kada mutum ya tafi gonar nesa shi kaɗai. A yi aiki tare, a fita da wuri, a dawo da wuri. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro da mai busa ƙaho (Nehemiya 4). A sa mai duba hanya, a shirya alamar da kowa ya sani. In an ji labarin hari, a bar gona a tsira da rai. Gudu daga haɗari ba rashin bangaskiya ba ne, Yusufu ma ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar.

(d) Gwauraye da marayu. A fara nome gonarsu kafin ta shugaban ƙungiya.

(e) Masu gudun hijira. Wanda ya rasa gonarsa a ara masa ko kadada rabi ce kusa da gari. Kada a tambayi addininsa ko kabilarsa kafin a auna masa hatsi.

(f) Takardu. A rubuta iyakar gonar kowa da sunayen shaidu, a ajiye wuri mai kyau. Ranar komawa gida tana zuwa, kada ta zama ranar rigimar iyaka tsakanin 'yan'uwa.

7. Ƙudujin da ke cikin gonarmu

Akwai ciyawar da ba a jira kaka da ita, watau ƙuduji. Ya kan kama saiwar dawa ko gero a ƙarƙashin ƙasa, ya yi makonni yana tsotsa kafin ya fito fili. Tushe ɗaya yana zub da 'ya'ya dubbai, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Maganinsa a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙone, a zuba takin gida, a kuma juya gonar da waken soya ko gyaɗa ko auduga.

Hukunta mutane na Allah ne, amma zunubin da ke cikinmu namu ne mu tuge tun yau. Mu faɗi gaskiya: 'yan bindiga ba su san wanda ya sayar da hatsi jiya ba sai wani na gida ya faɗa musu. Shanun sata ba sa sayar da kansu. Wanda ya sayi sa a rabin kuɗinsa bai tambayi inda ya fito ba, ya sa hannu a cikin jinin mai shi. Haka mai ɓoye hatsi don ya tsawwala wa 'yan gudun hijira, da ma'ajin da ya ke taɓa kuɗin ƙungiya, da wanda ya ke koya wa 'ya'yansa ƙiyayya. Ba za mu yi waƙar nasarar Almasihu ran Lahadi, mu yi wa mugunta dillanci ran kasuwa ba. In akwai wanda ya faɗa cikin irin wannan, ƙofar tuba a buɗe ta ke. Ya je wurin fasto da dattawa, ya mayar da abin da ya ci.

Bulus ya rufe dogon bayaninsa na tashin matattu da maganar aiki. Ya ce wa Korantiyawa su kafu, su yi ta aikin Ubangiji, don wahalarsu ba za ta tafi a banza ba. Kunyar da ka yi da hauya bayan an kore shanunka, da tiyar da kika auna wa baƙuwa, da fansar da saurayi ya ƙi ɗauka, duk suna cikin lissafin Maigona.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin kuskure uku na kashi na 2, wanne ya fi yawa a ƙauyenmu? Me ya sa?
2. Mene ne bambancin tsare kai da ɗaukar fansa? Ku ba da misali.
3. Yaya za mu bayyana misalin tumu ga wanda aka kashe masa ɗa, ba tare da mun raina baƙin cikinsa ba?
4. Gidaje nawa na gwauraye da 'yan gudun hijira ke kusa da mu? Wa zai rubuta sunayensu kafin taro mai zuwa?
5. Ina za mu ajiye irin baɗi, su wa za su riƙe lissafi?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Maigona, ƙasa taka ce, daji naka ne, rayukanmu kuma naka ne. Ka ga hawayen Magami da Tsafe da Bunguɗu da dukan Zamfara. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda aka kama. Ka ba shugabanninmu da masu tsaro gaskiya da ƙarfin hali. Ka juyo da zukatan waɗanda ke daji, wanda ya ƙi kuwa ka karya makaminsa. Ka tsare mu daga ramuwa da tsafi da cin amana. Ka ba mu ruwa a kan kari, da ƙarfin yin shuka, da haƙurin jiran ranar girbinka. A cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tashi daga matattu. Amin.